Babi na Bakwai

A Dadin Kowa nake rubutu,
bayan Inna ta sauke kaskon suyar kifi,
yatsuna da sauran mai,
kowane shafi da ɗan tambarin ƙarni a gefe.

Na ƙagi Dudu, 'yar shekara sha shida,
mai jin abin da ruwa ke faɗa.
Tulu na kawo mata gulma, randa na kai mata ƙara,
amma ko idon sawunta ba ta bari kogi ya taɓa.
Ga rowa. Ga ƙarya mai santsi kamar bayan tarwaɗa.

Na ƙagi Barkindo,
ɗan wani gari da na nutsar a ƙarƙashin dam,
inda ake kiwon kada kamar awaki.
Ba shi da inuwa. Rigarsa ba ta bushewa.
Girman kai kuwa, ka ce shi ya haƙa tafkin.

A babi na bakwai na haɗa su a gaɓa.
Ido ya faɗa cikin ido,
ƙirji ya buga, wata ya tsaya cak,
na rufe littafi ina yi wa kaina kirari.

Sai Sa'ade, 'yar yayana, aji uku a sakandare,
ta karanta a kwance, ƙafa a jikin bango.
Ta ce, "Goggo, ina Dudun da na sani?
Jiya ta hana ƙaninta ƙosai,
yau don ta ga dogon hanci ta zama waliyyiya?
Shi kuma me ya gani a wurinta?
Kin ɗaura musu so kamar ɗankwalin aro."

Kwana biyu ina cika ina batsewa.
Dare na uku na yage babin,
Inna ta hura wuta da shi da asuba.

Yanzu da faɗa suka haɗu, a kan kuɗin kifi:
ya miƙa wuri, ta ce ya kai wa kakarsa.
Ta yi masa ƙarya ta san inda inuwarsa take
don ya riƙa kawo mata duwatsu masu haske.
Ya bi ƙaryar har rana ta riske shi a tudu,
fatarsa ta tsattsage kamar fadama da rani.

Shafi arba'in na bar ta ba barci.
Ko ruwan buta ya daina yi mata magana.
Da ta je ba shi haƙuri ban tsayar da wata ba,
ban kaɗa iska ba,
bakinta kawai na bari ya yi nauyi, ta ɗaga shi da kanta.
Shi ma sai da ya ci babi biyu
kafin ya iya cewa, "Ni ma na raina ki."

Ranar da ta faɗa ruwa
kwalekwale ne ya kife da ƙaninta.
Barkindo yana nesa,
riƙon numfashin da ya koya mata ne kawai a ƙirjinta.

Sa'ade ta kai ƙarshe, ta murza ido, ta ce hayaƙi ne.
"To, za su yi aure?"
Na ce ban sani ba tukuna,
sha shida fa take, ga jarrabawa a gaba.
Ta ja tsaki, ta kai shafukan ƙarƙashin filonta.

Na zauna ni da wayata.
Saƙon Jalo yana nan tun watan jiya,
a kan wata magana da na faɗa masa a tashar Gombe
wadda ba haka take ba.
Na rubuta "Ka yi haƙuri", na goge,
na sake rubutawa.
Daga can ina jin ƙugin ruwan dam,
ni dai ban san me yake cewa ba.