Guguwa Biyu

Ranar Talata, bayan la'asar,
guguwa ta sauko bayan garin Auyo,
ta ɗauke jinkar rumbun Kawu Cindo,
na maƙwabcinsa ko kara bai motsa ba.
Kafin a gama salati ta mutu a bakin fadama.

Barmani, da ta dawo hutu, ta ce:
Kawu, wannan 'yar hadari ce.
Zafin ƙasa ya tashi, sanyin sama ya danno,
suka murɗe kamar zare a mazari.
Siririya ce, mai gajeren kwana.

Tana da yaya, wadda ba ta san gona ba.
Teku ke haifarta in ruwansa ya yi ɗumi,
tururi ne tuwonta.
Faɗinta ya fi nan zuwa Katsina,
sai ta yi mako tana juyi,
tsakiyarta kuwa tsit, kamar masallaci da hantsi.
In ta hau tudu, yunwa ke kashe ta.

Hadarin gabas ɗin nan da ke wuce mu,
wani sa'in shi ne irinta.

Kawu ya dubi yamma, ya daɗe.
Ya ce: Ashe har can muke shuka.
Miƙo min igiyar nan.