Dutsen Kawu Leland

"Jiƙa dutsen, 'yar ƙanwata, kar ya sha iska."
Haka Kawu Leland Bitsilly ke ce mini,
ina 'yar sha ɗaya, soso a hannu, bokiti a ƙafa,
a wani ɗaki can bayan kasuwar Gallup
inda jirgin ƙasa ke kaɗa taga tun da safiya.

Dutsen ya fi ɗan maraƙi nauyi.
Da alli mai maiƙo yake zane a kansa,
ruwa ya kwanta inda babu mai,
tawada ta kama inda babu ruwa.
"Gabar da ke tsakaninsu nake ci," in ji shi,
"ran da suka shirya, mun kwana da yunwa gaba ɗaya."

A bakin kwazazzabon Chinle aka yanke cibiyarsa,
a ɗakin hogan mai ƙofa tana duban gabas.
Zanensa na fari da gawayi ne, a jikin jan dutse, wurin kiwo.
Kakarsa ta duba, ta karkata kai, ta ce kare ne.
Ya yi kuka, ya rantse tunkiya.

Sai motar gwamnati ta zo.
Aka datse gashin da kaka ke ɗaurewa da farin zare,
aka ba shi lamba arba'in da bakwai,
in ya yi harshen Diné a cusa masa sabulu.
Baki ya rufe, hannu ya karɓi magana:
dawaki suka cika littafin lissafi,
bulala ta cika baya.

Ubansa ya shiga ramin yuraniyam a Cove,
ya fito da ƙura rawaya a riga
da tarin da bai bar shi ba sai bakin kushewa.
Kawu bai zana fuskarsa ba ko sau ɗaya.
Takalmansa ya zana, a ƙofar ɗaki, babu igiya.

Dillalin Santa Fe ya ce,
"Kawo gashin gaggafa, kawo faɗuwar rana,
su baƙi ke saye."
Ya kai masa mata uku a shagon wanki suna ninke barguna,
da akori-kura ɗauke da gangunan ruwa,
mil talatin daga rijiya.
Shekara huɗu ba a sayi ko ɗaya ba.
Ya yi fentin allunan gidajen mai, ya ci wake,
bai sauya hanya ba, bai kuma ji kunya ba.
Da suna ya tashi har Chicago
dillalin ya ce shi ya gano shi. Kawu ya yi dariya.

Abin da ka zana a dutse, a juye yake fita.
Don ƙofar hogan ta dubi gabas a takarda
sai ya ɗora ta yamma.
Sunansa ma daga ƙarshe yake faro shi.
"Makarantar kwana ta koya mini," ya ce,
"wani lokaci ta bai-bai ake faɗin gaskiya."

Kowane bugu yana da siririn layi
da ke fita har gefen takarda,
irin zaren da kaka ke bari a saƙa
don kar masaƙiya ta kulle kanta a ciki.
Wani mai saye ya ce kuskure ne, a rage kuɗi.
Kawu ya naɗe takardarsa, ya nuna masa hanya.

Bana tamanin da ɗaya, yana ta rufe idanunsa.
Ni ke bugu yanzu, shi yana kujera yana sauraron nadi.
Jiya na zuba yashi da ruwa, ina goge dutsen,
hannu na zagayawa har kafaɗa ta yi tsami,
sai wani tsohon zane ya taso daga ƙasa,
dishi-dishi, kunne biyu, ƙafa huɗu,
maiƙon da dutse ya sha tun ban iya tafiya ba.

"Kin tsaya," ya ce. "Me kika gani?"
Na ce, "Kawu, kare."
Ya buga sanda a ƙasa. "Tunkiya!"