Yatsu Huɗu a Kan Allo

Na shimfiɗa farar rigarka a teburin guga,
ƙanƙara na sauka kan rumfunan talotalo
tun daga Moroni har bakin Manti.
Gobe muhawara, Orrin.
Ina jin ka a ɗaki kana bita gaban madubi:
ruwan noma, harajin fili, albashin malamai.
Waɗannan ka san su kamar yunwar cikinka.
Guda ɗaya ce ta tsaya maka a wuya, ƙayar kifi.

Za su tambaya, kai ma ka sani.
Wata za ta miƙe da 'yar takarda a hannu:
Ɗan'uwa Bybee, ina ka tsaya
kan maza biyu masu neman hukuma ta kira su ma'aurata?
Rabin zauren 'yan cocinmu ne.
Su suka cika mana kicin da dankali da cuku
ranar da muka binne mahaifinka,
su ne kuma masu ƙuri'a ran Talata.

Shekara biyu kana ƙwanƙwasa ƙofofi a Bolibiya,
kana ɗan sha tara, takalmi duk ya huje.
Kofi bai taɓa shiga bakinka ba,
ushiri bai taɓa kwana a aljihunka ba.
A haikalin can na kan tudu, fari fat kamar gishiri,
muka durƙusa aka ƙulla mu,
ƙullin da aka ce kabari ma ba ya kwance shi,
mu da duk wanda za mu haifa.
Duk wanda za mu haifa, Orrin.
Ban ji an ce ban da Jarom ba.

Jarom da ya fara kaɗa ogan a coci
tun ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.
A mota ya faɗa mana, a tsaye, inji na kunne.
Ka damƙe sitiyari da hannu biyu
kamar muna gangara dutse babu birki.
Yanzu yana Salt Lake, hawa na uku, shi da Anselmo,
wanda ya gyara mini famfon da ka shekara kana cewa gobe,
ya kuma wanke kwanukan da ya tarar.

Koyarwar na haddace ta, ni ke biya wa yara ran Lahadi:
abin da zuciya ta ji ba laifi ba ne, sai an aikata,
aure kuwa na mace da namiji ne.
Ban ajiye ta ba.
Shi ma ban ajiye shi ba.
Da daddare nakan ji su biyun suna ja,
ni ce igiyar.

Yaron da ke kula da kamfen ɗinka
ya zaɓi hoton da Jarom ya tsaya a gefe,
wai ko allon zai yi kaɗan.
Allon ya yi kaɗan.
Sai dai almakashi bai gama aikinsa ba:
yatsu huɗu sun rage a kafaɗar ƙanwarsa,
a kowace mararraba daga nan har Gunnison.
Kullum in na wuce sai na ƙirga su.
Hannunka, ka ji, ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ba zan sa maka magana a baki ba.
Shekara talatin da ɗaya ban yi ba, ba yau zan fara ba.
In ka ce i, za a daina gaishe ka a shagon taki.
In ka ce a'a, kujera ɗaya za ta ƙara nisa da teburinmu.
In ka zagaya, ka yi ta ruwan noma,
zan gane, don kunnenka na hagu ja yake yi.

Ya bugo waya ɗazu kana wanka.
Zai zo gobe, ya ce, layin baya zai zauna,
ba zai ɗaga hannu ba.
Abu ɗaya ya tambaya: ko shi kaɗai zai zo?
Na ce bari in ji daga babanka.

Ga rigar, da sauran ɗuminta.
Kar ka sa tukuna.
Ina ji.