Saniyar da Coci Ya Ci

A shekarar da ƙanƙara ta kai bakin tagarmu
ɗan doka Hosiya Tilbi ya shigo da igiya.
Bai ɗaga ido ba, tare muka yi ƙuruciya.
Ya ce, "Mehitabal, sule tara ake binki,
kuɗin limamin gari."
Na ce, "Limamin da ban taɓa zama gabansa ba?"
Ya ce, "Doka ba ta san wannan ba."
Ya kwance jar saniyata, da cikin wata bakwai.

A kasuwa aka yi gwanjonta, sule goma sha huɗu.
Ba wanda ya kawo mini canji.
Ran Lahadi limamin ya yi wa'azin makiyayi nagari,
an ce har da hawaye.

Lokacin Eliyakim, mijina, yana tsare.
Laifinsa, ya tsoma mutum uku a kogi
ba da takardar hukuma ba.
Ta tsakanin ƙarafan taga yake wa'azi,
yara na jifansa, iyaye na saurare a ɓoye.

Abin da ya ɗaure mini kai:
kakanninmu sun yi wata biyu a teku suna amai,
suna gudun bulalar sarki da manyan coci.
Ƙafarsu na taɓa tudu
suka yanko tasu tsumagiyar.
Ashe wanda ya sha duka
shi ya fi sanin inda ke da zafi.

Da ƙanƙara ta narke muka yi kudu,
tukunya ɗaya, Littafi ɗaya, yara uku,
zuwa wani gari a bakin ruwan gishiri
inda aka ce alƙali ba ya leƙa zuciya.
Shi dai ɓarawo, da bashi, da iyakar gona.

Kada ka ce aljanna muka tarar.
Gari ne na gardama.
Maƙwabcina na dama ba ya cire wa kowa hula,
na hagu Bayahude ne, ran Asabar yake hutu,
na bayan gida ya ce dukanmu 'yan wuta ne,
kuma kullum shi ke aron gatarinmu.
Sai dai ba mai zuwa da igiya.

Ban ce don ƙauna aka yi hakan ba.
Gajiya ce, ina jin.
Kowa ya ga in takobi ya shiga ɗakin ibada
ba a san wuyan wa zai bi da shi gobe ba.

Amma da asuba, in na kai madara tashar jirgi,
nakan ga Demba, bawan mai gidan giya,
bayan ganguna, fuska gabas, goshi a ƙasa.
Ba mai hana shi.
An bar masa ransa, an riƙe jikinsa da rasit.
Kuma gonar da nake shuka masara,
tsohuwar da ke sayar mini da kwanduna
ta ce kabarin uwarta na ƙarƙashin shingena.
Ban san me zan ce mata ba. Na ƙara mata kwabo.

Yanzu ina da wata saniyar, baƙa, mai harbi.
Ran Lahadi nakan sa sule a faranti
da hannuna, ba a tambaye ni ba.
Wani makon ma ba na sawa.