Baƙon Bayan Madafa

Hammayo, ɗan ƙanena, ya dawo daga ƙasar sanyi,
tsarabata ƙullin iri ce a takarda,
ƙanana, baƙaƙe, kamar ƙwan kwarkwata.
Na ce, "Me sunansa?"
Ya faɗa sau uku, harshena ya ƙi ɗauka.

Na yafa shi a fasasshen baho bayan madafa,
tsakanin ɗoɗɗoya da na'a-na'a,
jar ƙasar Bolari na cuɗa da kashin awaki,
na yi masa shinge da tsohon gidan sauro
saboda kajin Adda Yelwa ba su san iyaka ba.

Kwana tara, shiru.
Ga ruwa da tsada, mai kura sai an yi masa magiya,
ragowar buta nake tsiyaya masa da asuba.
Malam ya ce, "Baho kike shayarwa?"
Ban tanka ba.
Rana ta goma wani kore ya leƙo,
siriri kamar tsinken sakace,
yana kallon ranar Gombe da idon baƙunta.

Na murza ganyen a yatsa:
yaji-yaji kamar masoro,
ƙamshi kamar ɗoɗɗoyar da ta yi boko.

Hammayo ya ce can da wake ake cinsa.
To, wa zai nuna mana wake?
Na auno farin na Kumo, na surfa,
manja, albasa, attarugu biyu, ɗan ƙanzon kanwa,
sai da tukunya ta daina surutu
na tsinko reshe uku na jefa, na rufe.

Malam ya ci bai ɗago ba,
ya suɗe kwano, ya miƙo shi ta gefe
kamar hannun ba nasa ba ne.
Kafin la'asar Adda Yelwa ta aiko jikarta:
wai a sam mata ganyen nan mai tsallaka katanga.

Ranar muka raɗa masa suna, ba rago, ba goro:
Abokin Wake.

Da kaka ya yi fure, fari-fari, ya sunkuya, ya bushe.
Ashe ɗan shekara guda ne.
Na kakkaɓe kansa a faifai,
na ɗura irin a kwalbar turare.

Jiya Hammayo ya bugo daga can, muryarsa duk mura.
Na ce, "Baƙonka ya rasu,
amma ya bar mana 'ya'ya cike da kwalba.
Kai yaushe za ka dawo?"