Aikatau Mai Zuma a Harshe

Zauna, Struan. Ajiye furannin nan a bakin taga.
Na san kantin da ka saye su, na san an rage musu kuɗi,
na kuma san banza ba ta kai zomo kasuwa.

Shekara talatin da tara na riƙe alli a Arbroath,
ina cusa nahawu a kunnen 'ya'yan masunta
alhali hankalinsu yana bakin teku.
Yau ɗalibi ɗaya ya rage mini, kai,
da darasi ɗaya da ban taɓa bayarwa ba.

Akwai wani aikatau da ya tsufa tare da ni.
Fleech.
Bar laluben wayarka.
Ƙamus ma sai ya yi gyaran murya kafin ya tuna da shi.
Ma'anarsa a ɗiga wa mutum zuma a kunne
har ya manta inda ya ɓoye makullinsa.

Mutum na farko: I fleech.
Ban taɓa jin wanda ya faɗi haka ba,
mai daɗin baki ba ya kiran sunan sana'arsa.
Na biyu: you fleech. Kai ke nan, ɗazu,
da ka ce gashina ya fi na bara,
gashin da rabinsa ke kwana a haƙoran mataji.
Na uku kan tsiro da wutsiya: he fleeches.
Ji ƙarshensa yana huci
kamar butar shayi da aka manta a wuta.

Shuɗaɗɗen lokaci: fleeched.
Nan kakanka Murdo yake zaune.
Zai shigo da ƙaurin bandar kifi a rigar sanyinsa
ya ce miyata ta fi ta uwarsa,
ranar da ta kama ƙasan tukunya kuwa.
Ya ce don ni ruwan sama ya ɗauke ranar Talata.
Aikatau ne so-karɓau, yaro, ba ya tsayuwa shi kaɗai,
ni ce karɓaunsa shekara arba'in da ɗaya.
Baƙaƙe biyu aka ɗafa masa a ƙeya,
shi ke nan, suka rufe mini mutum guda.

Kula da harshenka a nan.
In ya zame kaɗan sai ka ce fleece,
wato a yi wa tunkiya aski ƙwal a sake ta cikin sanyi.
Tsakanin shafa da aski tazarar ba ta kai ƙwayar gishiri ba.
Dillalin da ya sayi gidan Elspeth Cargill
da na farko ya yi sallama, da na biyu ya fita.

Lokaci mai ci: fleeching.
Shi ne takardar da ke leƙowa daga aljihunka.
Kwalekwalen kakanka kake so a sayar,
ka buɗe shagon gyaran babur. Uwarka ta riga ka faɗa.

Lokaci mai zuwa kuwa matsiyaci ne a Turanci,
ba shi da rigar kansa, sai ya aro will.
Kalmar nan, a bakin lauya, ita ce wasiyya.
Kada ka sunkuyar da kai,
ba ni na tsara harshen ba.

Saura umarni.
Ba goshi, ba ƙeya, tsirara yake zuwa:
fleech.
Ci gaba, nake nufi.
Romon baka ba ya ƙosarwa, na sani,
amma a gidan nan masu jinya gaskiya kaɗai suke faɗa mini,
hawan jini kaza, ƙwaya uku, kwanta.

Sai dai ka yi shi da gwaninta.
Bar zancen gashi.
Ce rubutuna bai karkace ba har yanzu.
Ce ka tuna miyar.
Sannan miƙo alƙalami,
ka dawo Lahadi, ko babu abin sa hannu.