Dala a Cikin Fanka

Damina ta zauna a Ngaundare kamar baƙon da ya kwance kaya,
gari ba ya wayewa sai da lallashi.
Fijon Baba tana gindin mangwaro a Sabongari,
ta girme ni da shekara tara,
har yau bugu ɗaya take tashi.
Cutarta guda ce: a rufe tagogi, sai gilashi ya yi gumi ta ciki,
ka kama gangaren hanyar Garwa da hannu ɗaya a sitiyari,
ɗayan yana nemo maka hanya da hula.

Shekara talatin fankarta ba ta ja numfashi ba.

Na kwanta rigingine inda direba ke aje ƙafa,
ƙafafuna bisa kujera, sai ka ce jemage,
tocila a baki.
Na cire kan batir tukuna, wuta ba ta san magaji ba.
Noti huɗu ne, in ji Baba Hamajoda daga bencinsa,
uku ba su da gardama,
na huɗun yana bayan akwati, roƙe shi da man birki.
Ganinsa ya tafi tuntuni,
amma yatsunsa na kwance notin a iska tare da ni.

Na zare tiyo biyu,
ruwa kalar shayin da ya kwana ya bi hannuna har hammata.
Ɗan lagireton hita ya fito, bai fi tafi biyu ba,
tsatsa ta toshe shi kamar hancin mai mura.
Na jiƙa shi a ruwan tsami, na hura, na liƙe ɓular da dalma,
na nutsa shi a bokiti ina jiran kumfa.
Babu kumfa.

Sai fankar.
Na buɗe kwanonta a kan buhu:
sheƙar ɓera, ɓawon gyaɗa,
waya ta ƙone baƙi ƙirin kamar ƙanzo,
can kuma tsakanin fiffike da bango, a cije,
dala guda.

Na san ta.
Ina ɗan bakwai Baba ya shiga masallaci ya bar ni gadi,
na ga tsaga a gindin gilashi, na ce asusu ne.
Na ji faɗuwarta, ƙil.
Washegari fanka ta yi ƙugi, ta yi ƙauri, ta yi shiru.
Kwana uku kafin nan Hamajoda ya taɓa wayoyin motar,
shi ke nan Baba ya tsaya bakin garejinsa ya faɗi abin da ya faɗa,
gaban yaransa, gaban mai shayi.
Har aka kai shi makwanci bai sake bin layin ba.
Ni kuwa na girma,
na yi gemu a kan shiruna.

Na sa masa ita a tafin hannu, na ce tawa ce.
Ya shafa, ya juya, ya auna nauyinta.
Ya ce, tun ranar na ce masa a buɗe a gani.
Ya yi shiru har wata kaza ta ratsa garejin ta fita.
Ya ce, yau ko ashana ba ta saye.
Ya jefa ta aljihu.
Kai fankar wurin Gambo mai naɗin waya, in ji shi,
ka ce ni na aiko ka, kada ya yi maka kuɗin baƙo.
Giris kaɗan a sandar, in ka cika ya kama datti.

Ranar Laraba na mayar da komai.
Na huɗun ma ya shiga, bayan ya sha jinin yatsana.
Ruwa ya sauko da la'asar, muka rufe tagogi mu biyu,
numfashinmu ya makantar da gilashi.
Na murɗa.

Da farko tari, sai warin tsohon buhu,
sai ɗumi ya fara hawowa ta tsagar nan dai.
Gilashi ya soma washewa daga ƙasa:
ga bokiti, ga gindin mangwaro, ga Dutsen Ngaundare a jiƙe.
Shi bai ga ko ɗaya ba.
Ya miƙa tafukansa ga iskar kamar mai jin wuta,
ya ce, akwai lamba ta biyu. Ƙara ta.